Saitin kwalliyar ɗakin jariri na jikka 18: abin da ya yi amfani da abin da ya zubo ƙasa

Tun da na sa hoton kwanar jaririna a statu mata ke ta tambayata ina na sayi kaza, nawa anka yi mini kaza, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta, kuma yanzu wata 7 ke nan ina amfani da kayan don haka ba zancen ranar da anka kawo su a leda suna ƙyalli zan yi ba.

Da farko dai kada wata ta ji an ce ɗakin jariri ta zaci wani ɗaki gare mu na daban. Ciki da falo ne muke haya nan unguwar Zariya, rufin kwano babu silin a uwar ɗaka, kusurwa guda ce tsakanin gadona da taga na ware. Kuɗin kuwa jikka 40 ne, wato sefa dubu 40, na kwasan adashi, maigida ya ce shi ragon suna da kayan barka sun ishe shi, in ina son ƙawa in yi da nawa. Innata ma da ta ji dariya ta yi, wai 'yan zamani ba ku da ta ido, ɗan fari ne ake yi ma wannan rawar kai tun bai zo ba? Na yi shiru don na san da gaskiyarta, amma dai ban fasa ba.

Wata mata ce nake ganin kayanta a WhatsApp, nan cikin Maradi take amma daga Kano ake yo mata sari, ba zan faɗi sunanta ba don ba faɗa munka yi ba. Saitin da take talla abu 4 ne: sitika ta bango mai wata da taurari da 'yan tumaki, sai wannan soson bango mai zanen bulo guda 10 wanda bayansa ke da gam, sai igiyar ƙananan fitilu da ake sa ma caja, sai ɗan gadon jariri mai ninkewa da gidan sauronsa a jiki. Ta ce jikka 20, na ce haba Hajiya ai ni ƙanwarki ce, munka daidaita a 18. Na ba da rabi, ta ce kwana 3, sai da ya yi 9, kullum amsar guda ce mota na Jibiya, mota ta wuce Ɗan Isa, har na haddace hanyar. Amma ta kawo kaya cif babu abin da ya ɓace, kuma ba ta taɓa ƙin ɗaukar waya ba, wannan kam na yaba mata.

Ranar da munka manna ni da ƙanwar maigida wallahi ɗaki ya yi kyau kamar ba namu ba, na ɗauki hoto ya fi 30. Abin da na lura tun ranar shi ne wari, soson nan yana da wani wari kamar na sabon takalmin roba, ga ciki wata 8, sai da na kwana 2 a falo taga a buɗe.

Na haihu tsakiyar Afrilu, kun san dai Afrilun Maradi, zahi ya wuce digiri 40 ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Da yake haihuwar fari ce gida na tahi wanka, can Tibiri wajen Inna, maigida kuma falo ya koma da kwana saboda fanka. Anka rufe uwar ɗaka kwana arba'in da 'yan kai. Ranar da na dawo na tura ƙofa sai ga bulo 6 cikin 10 kwance a ƙasa, sauran sun saki kai suna lilo, watan nan da na fi so ya naɗe kamar tabarma ya faɗo cikin baho, 'yan tumaki biyu kaɗai sunka tsira. Na kira matar ta ce ita ba a taɓa kawo mata ƙara ba, ƙila ban goge bangon ba. Na goge fa. Sai da wani mai fenti da ke aiki maƙwabta ya shigo ya shafa bangon da hannu ya nuna mini tahin hannunsa fari fat, ya ce Hajiya wanga fentin ruwa ne mai arha, gari yake yi, gam ɗin ba bango ya kama ba garin ya kama, ga kwano na gasa shi tun daga hantsi har la'asar dole ya narke. Ya ce irin kayan ga sai bango mai sulɓi mai fentin mai, ɗaki mai silin. To gidajen haya nawa ne a garin nan ke da haka? Da ta tambaye ni irin bangona kafin ta karɓi kuɗi da ban saya ba, kuma ina ga shi ya sa ba ta tambaya.

Abin haushin ma bai tsaya nan ba, inda soson ya faɗo ya ɗebo fentin mai gidan haya, bangon ya zama dabbare-dabbare. Guda 4 da sunka rage na bar su har damina, ranar da na ɗaga ɗaya kyankyasai ne sunka yi gida a baya, a kan ɗan jinjiri fa. Ranar na ɓamɓare duka. Kuma ko da sun zauna, yanzu da yaron ya fara rarrafe komi ya samu baki yake kaiwa, soson nan da farce ake gutsurarsa, ban ga yadda zan bar shi kusa da shi ba.

Fitilun kuwa ban zaci komi daga gare su ba sai ga shi su ne na fi mora. Ba don kwalliya ba, don shayarwar dare. In an ɗauke wuta, wanda lokacin zahi kun san ba sai an faɗa ba, sai in jona su a pawa bank su kwana suna ci, haskensu kaɗan ne ba ya tada yaro ba ya tada babansa, ina ganin bakin yaro ina ganin inda na aje kunzugu. Sai dai na ɗaure igiyar can sama a ƙusa inda hannunsa ba ya kaiwa.

Gadon mai ninkewa rabi da rabi ne. Ya yi mini rana a Tibiri, da yamma in an hito tsakar gida sai a shimfiɗa tabarma a ɗora shi, ƙuda ba ya samun yaro, kuma ninke shi ake a sa a jaka ko kan kabu-kabu ka tahi da shi. Amma zif ɗin wata 2 ya yi ya mutu, kuma kafin wata 4 ƙafar yaro ta fara tokarin ƙarshe. Ya zo da ɗan matashin kai, na cire tun farko, don malamar awo ta ja mana kunne cewa jariri rigingine ake kwantar da shi kan shimfiɗa mai tauri, babu matashi babu 'yan tsana babu tulin zannuwa kusa da fuskarsa. Gidan sauronsa ma ba mai magani ba ne, don haka da damina ta kankama ban yarda da shi da dare ba.

Sauran jikka 22 ɗin su ne ban yi kuka da su ba. Kafinta na bakin layinmu ya yi mini gadon katako jikka 12, tsawon mita 1 da santi 20, na tsaya a kansa kan abu guda, tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santi 6 don kada kan yaro ya shige. Da farko ya yi musu wai katako zai ci, na ce Malam ƙara jikka guda ka yi yadda na ce, ya yi. Ya goge shi sumul babu tsini, ya shafa banish, na bar shi a inuwa sati 2 wari ya hita. Laihinsa ɗaya, sati ya ce ya yi sati 3, amma wane kafinta ne ba haka ba. Katifa soso mai tauri na sa anka yanka mini daidai gadon a babbar kasuwa ranar Litinin, jikka 4, tela ya sa mata leda ciki ya yi riga biyu ta atamfa masu cirewa. Sange kuwa, wato gidan sauro, kyauta anka ba ni wajen awo, mai magani, na shanya shi a inuwa kwana guda kafin in ɗaura kamar yadda sunka ce, babba ne yana rufe gadon har ƙasa in cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Duk daminar nan da sauro ya addabi unguwa, alhamdulillahi.

Labule kuma ragowar atamfar lefe ce da ban taɓa ɗinkawa ba, shuɗiya mai ɗigon fari, tela ya karɓi jikka 2 har da rigunan katifar. Kwando biyu na kaba na saya wajen matan ƙauye ina zuba kayan sawarsa, ɗaya wankakku ɗaya masu datti, sai ledar ƙasa mita 2 da ragowar canjin.

Bangon da ya lalace Inna ce ta rufa mini asiri, da ta zo ganin jika ta kalli wurin ta ce ke 'yar nan mi ya ci miki bango haka, sati na zagayowa ta aiko da faifai 5 masu launi irin na jere, na buga ƙananan ƙusoshi na rataye su kan tabon. Su ne kunka gani a hoton kuna tambayata ko daga Dubai anka kawo. Yaron ma in ya farka su yake ƙura ma ido yana ta gwaranci.

To mai tambaya ko ta sayi saitin, ni dai in za a sayar miki da fitilun su kaɗai ki saya, gadon ninkewa in kina da tahiya wanka gida shi ma ba laihi, sitika da soso kuwa ki fara shafa bangonki da hannu ki duba tahin. Ni yanzu mai gidan hayar ya leƙo ya ga wurin, ya ce duk ranar da za mu tashi sai mun yi mishi fenti, na tambayi mai fentin nan ya ce da kuɗin aiki da komi jikka 9.