Kwas na koyon kamala ta intanet: ya iya gyara tsayuwa, ya gaza kaiwa ga zuciya

Na shafe makonni 6 ina halartar wani kwas da ake gudanarwa ta intanet, wanda masu shi suka ce yana koyar da kamala ta fuska uku, wato kyawun motsin jiki, ladabin mu'amala da mutane, da natsuwar zuciya. A kowane mako ana sakin bidiyo biyu da ba su wuce minti 20 ba, sannan a yi zama ɗaya kai-tsaye da malamar, inda ɗalibai ke kunna kyamara tana duba yadda suke zama da tsayuwa tana gyara musu. Hoto da sauti suna fita tsaf, kuma ana iya sauke darussan a waya domin kallo daga baya.

Darasin farko ne ya sa na ci gaba. Malamar ta bayyana cewa tsohuwar kalmar Latin ɗin nan, gratia, ta tattara ma'anoni da mu muka rarraba a kalmomi daban-daban: akwai farin jini da kyawun da ke jan ido, akwai alherin da mutum ke yi wa ɗan'uwansa ba don ya biya shi ba, akwai kuma godiyar da ke biyo baya. Daga nan ta kawo bambancin da marubucin Jamus Friedrich Schiller ya yi a 1793 tsakanin kyawun halitta, wanda mutum bai da hannu a cikinsa, da kyawun motsi, wanda ke fitowa daga halin mai shi. Wannan bayani ya warware mini abin da na daɗe ina gani ban iya faɗa ba, domin sau da yawa na ga wanda ba a kiransa kyakkyawa amma idan ya shigo wuri sai ka ji hankalinka ya kwanta da shi, na kuma ga mai kyawun fuska da gaggawarsa da rawar kansa suka zubar masa da kwarjini.

Darussan jiki suna da amfani kuma ba su da wuya. An koya mana sakin kafaɗu, raba nauyin jiki daidai a kan ƙafafu biyu, da rage saurin hannu lokacin miƙa abu ko karɓarsa. Cikin mako biyu na ga canji.

Inda kwas ɗin ya fi burge ni shi ne mako na uku, wanda aka keɓe wa sauraro da kawaici. An ba mu aikin gida: kwana bakwai ba katse kowa a magana, kuma idan mutum ya yi shiru a dakata kaɗan kafin a amsa, ko yana da sauran abin faɗa. Na gwada da wani abokin aikina da muka saba ja-in-ja, sai na tarar cewa rabin saɓanin da ke tsakaninmu ya samo asali ne daga yadda nake shirya amsa tun bai kai ƙarshen zancensa ba. Malamar ta kuma tsaya sosai a kan rufa wa mutum asiri idan ya yi kuskure a gaban jama'a, ta ce mai kamala shi ne wanda ba ya barin kowa ya ji kunya a gabansa. A ganina wannan darasi kaɗai ya isa dalilin shiga kwas ɗin.

Daga mako na huɗu ne na fara jin wani abu ya karkata. Malamar ta jingina da shawarar Baldassare Castiglione, ɗan fadar Italiya da aka buga littafinsa a 1528, cewa mutum ya ɓoye wahalar da ya sha wajen koyon abu domin a ɗauka haka aka halicce shi. Sai darussan suka koma yadda za ka burge masu ɗaukar aiki da yadda za a riƙa ganin girmanka a taro. Ban ƙi a yi wa mutum kyakkyawan zato ba, amma ladabin da aka gina shi don idon mutane bai da nisa da yanga. Wasiyyar Luƙman ga ɗansa, a aya ta 18 da ta 19 ta surar da ke ɗauke da sunansa, ta yi magana a kan waɗannan gaɓoɓi: kada a karkatar da kunci ga mutane, kada a yi tafiya da taƙama, a daidaita taku, a sassauta murya. Sai dai dalilin da aka bayar a can shi ne Allah ba Ya son mai girman kai da alfahari. Motsin iri ɗaya ne, niyyar ce ta bambanta, kuma kwas ɗin bai taɓo niyya ba.

Sashen ƙarshe, na natsuwar zuciya, shi ne mafi rauni. Darussa biyu ne kawai na motsa numfashi da rubuta abubuwa uku da mutum ke godiya a kansu kowane dare. Na fahimci cewa masu kwas ɗin suna karɓar ɗalibai daga addinai daban-daban, ba sa son ɓata wa kowa, amma a ƙoƙarin hakan sun koyar da godiya ba tare da ambaton wanda ake gode wa ba. A Musulunci ana maganar falala da rahama da luɗufi, Al-Laɗif kuma yana cikin sunayen Allah, sannan Buhari da Muslim sun ruwaito cewa aikin mutum kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. A Kiristanci, Afisawa 2:8 a cikin Littafi Mai Tsarki ta ce ceto ta wurin alheri ne, baiwa ce daga Allah. Duk ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa wannan falala ba a sayenta da ƙoƙari, alhali kwas ɗin ya gabatar da natsuwar zuciya kamar gwanintar da ake samu ta hanyar atisaye. Da sun faɗi wannan bambanci ko da a darasi ɗaya, suka bar kowa ya koma ga addininsa, da sun yi wa batun adalci.

Ina ba da shawarar kwas ɗin ga mai son gyara tsayuwarsa da saurarensa, musamman wanda aikinsa ya ƙunshi hulɗa da jama'a. Ga masu shirya shi kuwa, ina roƙon su rage yawan ɗalibai a zaman kai-tsaye, domin a makonni shidan nan sau biyu kacal malamar ta samu damar duba ni ta gyara mini.