Zaren Cascade 220 don jakar ulu mai curewa

Ga mai son saƙa jakar hannu sannan ya wanke ta da ruwan zafi har ulun ya cure, Cascade 220 zare ne da ya cancanci kuɗinsa. Ulu ne zalla daga ƙasar Peru, kowane ƙulli giram 100, tsawonsa kusan mita 200. Launukansa suna da yawa, jaka mai ratsi-ratsi tana fitowa da kyau.

A kula wajen saye: akwai mai suna 220 Superwash. Shi an sarrafa gashinsa don kada ya cure, ko an dafa shi ba zai yi ba.

Matsakaiciyar jaka kan ci ƙulli 4 idan an haɗa zare biyu. A saƙa sakwa-sakwa da allura mai milimita 8, domin saƙa mai tsauri ba ta barin gashin ya sarƙe. A sa jakar cikin rigar filo mai zik, a haɗa da tsohon wandon jins a injin wanki, ruwa mai zafi, sabulu kaɗan. A riƙa dubawa duk minti 5. Tana tsukewa a tsaye fiye da a kwance, don haka a ƙara mata tsawo tun wajen saƙa.

Aibinsa biyu. Fari da launuka masu haske sun fi jinkirin curewa, sai ratsinsu ya fito da faɗi daban. Ja da baƙi kuma kan yi zuba, gara a gwada ɗan ƙyalle tukuna.