Be My Eyes ko Seeing AI: wacce za a saka wa Kawu a waya?

'Yar'uwa, kin yi tambaya a kan kawunki, tsohon malamin makaranta da hawan jinin ido ya tafi da ganinsa, wanda yanzu ko takardar magani sai ya jira jikoki sun dawo su duba masa. Kin ce an ambata miki manhajoji biyu, Be My Eyes da Seeing AI, kina son sanin wacce ta fi. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Ni a ganina ki fara masa da Be My Eyes, Seeing AI ta biyo baya saboda takardun sirri. Ga dalilina.

Abin da ya haɗa su shi ne duk biyun kyauta ne, kuma masu lalurar gani ne a gaba wajen samar da su. Be My Eyes tunanin wani mutumin Denmak ne, Hans Jørgen Wiberg, mai sana'ar kujeru wanda ganinsa ya yi ta raguwa tun yana matashi. Ta fito a iPhone a 2015, ta zo Android a 2017. Seeing AI kuwa ta kamfanin Microsoft ce, ta fito a 2017, kuma cikin jagororin aikinta akwai injiniya Saqib Shaikh, wanda ya rasa gani yana ɗan shekara 7. Sai a ƙarshen 2023 ta iso Android. Wannan yana da muhimmanci a wurina, domin wanda ya san zafin abu daban yake tsara shi da wanda tausayi kawai ya tura.

Be My Eyes mutum ce take haɗa ka da shi. Kawu zai danna maɓalli ɗaya, kiran ya tafi wa 'yan sa-kai masu jin yaren da ya zaɓa, wanda ya riga ɗauka shi ne zai taimaka. Ɗan sa-kan yana ganin abin da kyamarar bayan wayar take nunawa, suna jin muryar juna, amma Kawu ba ya buƙatar sanin ko wane ne, shi ma bai san lambar Kawu ba. Manhajar tana tura kira ne ga waɗanda rana ce a wurinsu, don haka ko cikin dare ya kira ba ya tashin kowa daga barci. Ki kwatanta: yana riƙe da kwalbar maganin ɗigawa guda biyu masu girma ɗaya, ta safe da ta dare. Muryar ta ce masa, "Ɗan ja da baya, juya kwalbar hagu, tsaya nan, wannan mai murfi shuɗi ce." Ya sake tambaya, "To ranar lalacewarta fa?" a ce ya kifa ta a duba ƙasa. Wannan kai-komon na magana shi ne ƙarfinta. Mutum yana gane cewa hannu na rawa, ko fitila ta yi ƙasa, ko tsohuwar naira 500 ce da ta ƙoƙe, ya yi haƙuri har a dace.

Seeing AI ba ta kiran kowa. Manhajar ce da kanta take karantawa. Ka nuna mata ɗan gajeren rubutu ta furta shi nan take. Ka ɗora takarda a tebur ta riƙa faɗa maka gefen da bai shigo ba har ta ɗauki hoton shafin gaba ɗaya. Tana karanta layukan lambar da ke jikin kaya, tana faɗin launi, tana gwada karanta rubutun hannu, har tana da wani sauti da ke ƙaruwa idan haske ya yi yawa, wanda da shi mutum zai gane ko an kawo wuta ko an bar ƙwai a kunne. Matsalarta a wurinmu yare ce. Lokacin da ta zo Android yaruka 18 take yi, babu Hausa a ciki. Tunda Kawu malami ne, Turanci ba zai dame shi ba, amma wasiƙar Hausa idan muryar Turanci ta karanta ta, sai an kasa kunne sosai kafin a tsinci ma'ana. Kuma inji idan ya yi kuskure ba ya jin kunya, da cikakken ƙarfin hali zai faɗi abin da ba haka ba. A kan adadin magani, kada ya dogara da ita ita kaɗai.

Inda Seeing AI ta yi wa ɗayar fintinkau shi ne sirri. Dattijo mai iyali yana da takardun da ba ya son ɗan cikinsa ma ya gani, balle baƙo: sakamakon asibiti, takardar fansho, lissafin bashi. Babban abin da ke ci wa waɗanda suka rasa gani da girma tuwo a ƙwarya ke nan, a wayi gari kowa ya san abin da ke aljihunka. A nan inji ya fi mutum. Kuma ki ja masa kunne da kyau: katin banki, lambar BVN, NIN da lambar sirri, kada ya nuna wa ɗan sa-kai ko da muryarsa ta yi kama da ta mutumin kirki.

Sai batun data, wanda ba ƙarami ba ne. Be My Eyes kiran bidiyo ne, tana shan data kamar bidiyon WhatsApp, kuma idan sabis ya yi rauni hoton yakan dushe har mai taimakon ya kasa karanta komai. Seeing AI hotuna take sarrafawa, cin datarta bai kai haka ba. Idan Kawu yana ƙauye inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan kaɗai zai iya juya shawarata.

Tun 2023 Be My Eyes ta ƙara wani sashe mai suna Be My AI, inda za ka ɗauki hoto inji ya bayyana maka shi dalla-dalla, har ka yi masa tambayoyi. Haka kuma ana iya haɗa rukunin dangi da abokai a cikinta, kiran ya tafi gare su maimakon baƙi. Wannan na fi so wa Kawu: ke, da 'ya'yansa, da tsofaffin ɗalibansa biyu ko uku, wanda ke da sarari ya ɗauka, kuma da Hausa za a yi maganar. Akwai wata, Aira, mai ƙwararrun ma'aikata da ake biya, amma kuɗin wata-wata ne kuma an gina ta ne don ƙasashe irin su Amurka da Ingila, ki bar ta tukuna.

Duk cikinsu babu wadda za ta maye gurbin sanda ko ɗan jagora a kan titi, kada ya gwada tsallaka hanya da waya a hannu. Kuma kafin ki saka ko ɗaya, ki kunna masa muryar da ke karanta abin da ke kan allon waya, wato TalkBack idan Android ce, ko VoiceOver idan iPhone ce, ki zauna kusa da shi ya koyi shafa allo da danna sau biyu da hannunsa, ke kada ki karɓe wayar ko da ya daɗe yana lalube. Idan akwai reshen ƙungiyar makafi ta ƙasa a garinku, ki nemo masa wanda ya riga ya ƙware da TalkBack ya koya masa, zai fi saurin ɗauka daga bakin wanda shi ma da kunne yake aiki da waya.