Wata huɗu ina koyon fiyano wajen wani malami a Barnawa, ga abun da na gani

Tun da na saka ɗan bidiyon nan a status ina danna fiyano mutane suke ta tambayata a ina nake koyo, nawa ake biya, to bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Ni tela ne a Kasuwar Barci a nan Kaduna, sha'awar kiɗa kuma ta daɗe a raina har na siyi Yamaha na hannu mai maɓalli 61, amma shekara guda cur ina bin YouTube, yau wannan gobe wancan, data na ƙarewa hannu bai kama komai ba.

Na fara leƙa sutudiyo biyu a nan gefenmu. Yaran sun iya kiɗa ba ƙarya, sai dai iya kiɗa daban iya koyarwa daban, ɗaya ya zaunar da ni awa biyu ina kallon yana haɗa kiɗan biki ƙarshe yace min ka gani ko, haka ake yi. Wani kwastomana ne ya haɗa ni da wannan malamin na Barnawa, a coci ya koya tun yana yaro, Hausa kuwa a bakinsa kaman Bazazzagi.

Ranar farko ko gangar cikin fiyanon bai bari na kunna ba. Ya tambayi sana'ata, da na faɗa mai sai yace, "Maigida, in an kawo maka yaro koyon ɗinki, ranar farko shadda kake ba shi ya yanka?" Nace ina, tsumma zai samu yayi ta taka keke har layinsa ya miƙe. Yace to kai ma tsummanka zan baka. Wallahi maganar nan ita ta zaunar da ni, don na san gaskiya ce.

Tsumman kuwa shi ne do re mi. Ya nuna min baƙaƙen maɓallan nan jere suke biyu uku, biyu uku, farin da ke hagun guda biyun shi ne C, a nan do ɗinmu ke farawa. Yatsu kowanne da lambarsa, babban yatsa 1 ƙarami 5, in zaka hau daga do zuwa do da hannun dama sai kayi 1 2 3 sannan babban yatsa ya kutsa ta ƙasa ka ci gaba 1 2 3 4 5. Sati uku muna kan wannan. Akwai wani abu cikin fiyanon mai ƙas ƙas kaman agogo, metronom, da ban san amfaninsa ba, ya saita min shi a 60 wato bugu ɗaya duk daƙiƙa, kuma ba zan ƙara sauri ba sai na yi sau biyar a jere ba tuntuɓe, in na ɓata a na huɗu lissafi ya koma farko. Da farko abun ya min nauyi sosai amma yanzu in na taɓa ba shi sai in ji ƙafata na neman sa.

Abun da ya fi amfanar da ni shi ne yanda ya tsara min aikin gida. Minti 20 kullum, ba ruwansa da awa uku ranar Lahadi, yace hannu mantuwa gare shi. In wuri ɗaya ya gagara kar in koma farkon waƙa, in ciro wajen nan kaɗai in yi ta maimaitawa a hankali, dama ita kaɗai, hagu ita kaɗai, sannan a haɗa. Ni bayan na rufe shago nake yi da iyafis a kunne saboda yara sun yi barci, duk Laraba in ɗauka a waya in tura mai ta WhatsApp, shi kuma ya dawo min da sautin murya yana cewa nan ka yi gudu, nan wuyan hannunka ya faɗi. Kuɗin wata dubu goma sha biyar ne, zuwa sau biyu a sati, wannan dubawar ta waya kuma bai taɓa cewa in ƙara ko sisi ba.

Ya hana ni taɓa tiransfos ma, maɓallin da ake ɗaga murya ko a sauke ta kana danna wuri ɗaya, yace sai na san ki uku da hannuna tukun, ki wato matakin muryar da ake ɗora waƙa a kai. Wata rana da ya ga na gaji sai yace in danna baƙaƙen kaɗai yanda raina ya so, ai kuwa sai ga amo irin na waƙoƙinmu na gida yana fitowa, murya biyar ce a jere kuma kunnenmu ya saba da ita. Ranar da murmushi na hau keke napep.

Inda na ga gazawa kuma zan faɗa. Ɗakin ƙarami ne, lokacin zafi sai ka jiƙe sharkaf, in an ɗauke wuta janareton maƙwabta ba ya barin ka ji kanka. Ranar Asabar yana yawan makara in ya je kiɗan biki, sau biyu na tsallaka gada na zauna jira kusan awa ɗaya, ya dai bada haƙuri ya rama min. Sannan salon kalangu da kiɗan fina-finanmu bai ƙware a kai ba, shi da kansa ya faɗa, ni nake kai mai waƙa a waya mu zauna mu ciro ta da kunne tare.

Yanzu ina riƙe kod ɗin C da F da G da A maina da hagu, wato maɓallan da ake haɗawa a danna tare, dama na bin waƙa, a hankali dai amma ba na tsayawa. In zaka je ka roƙi darasin gwaji ɗaya kafin ka biya, ni ma haka nayi. Mai so ya min magana ta inbos in haɗa ku, amma fa Asabar ta cika, sai Litinin da Alhamis bayan La'asar.