Kajongg: mahjong na ainihi, na mutum huɗu, kyauta a kwamfuta

Yawancin abin da ake kira mahjong a wayoyi da kwamfutoci ba shi ne wasan da Sinawa ke yi ba. Wancan na tsinto ƙwaya biyu masu kama ɗaya daga cikin tsibi wasan mutum ɗaya ne, wani Ba'amurke mai suna Brodie Lockard ya tsara shi a 1981, kamfanin Activision kuma ya yaɗa shi a 1986 da sunan Shanghai. Ƙwayoyin kawai ya ara. Mahjong na ainihi mutum huɗu ke zama a kansa, ya samo asali ne a ƙarni na 19 a yankin Ningbo da Shanghai, kuma shi ne manhajar Kajongg ke kawowa. Na daɗe ina wasa da ita, kuma ina ganin duk mai son sanin wasan nan da gaske ya kamata ya gwada ta.

Kajongg na cikin jerin wasannin KDE, wata ƙungiya mai rubuta manhajoji kyauta, Wolfgang Rohdewald ne ya rubuta ta da harshen Python, ta fara fitowa a 2010. Kyauta ce ƙarƙashin lasisin GPL, babu talla, babu biyan kuɗin buɗe wani mataki. A Ubuntu ko Debian, wato nau'o'in tsarin kwamfuta na Linux, ana samun ta a rumbun manhajoji da sunanta. A kula kada a ɗauko KMahjongg, wadda ita ma ta KDE ce amma wancan wasan tsinto ne.

Da ka buɗe teburi, za ka ga an gina katanga mai kusurwa huɗu da ƙwaya 144. Dangi uku ne manya: gora, da'ira, da masu rubutun Sinanci, kowanne daga 1 zuwa 9, kowace ƙwaya kuma sau huɗu, jimilla 108. Sai iskoki huɗu, gabas, kudu, yamma da arewa, su 16. Dodanni ja, kore da fari, su 12. Sai furanni huɗu da lokutan shekara huɗu. Ana raba wa kowa 13. In layi ya zo kanka ka ɗauki ɗaya daga katanga ka yar da ɗaya, kamar dai karta, har sai ka haɗa rukuni huɗu da tagwaye ɗaya. Rukuni ko dai pung ne, wato uku iri ɗaya, ko kong, huɗu iri ɗaya, ko chow, uku a jere cikin dangi ɗaya.

A nan ne manhajar ta fara burge ni. Duk lokacin da wani ya yar da ƙwayar da za ta yi maka amfani, sai maɓallan abin da doka ta ba ka dama su bayyana, su kaɗai. In na hannun hagunka ne ya yar, kana iya yin chow. In wani ne daban, ba za ka ga maɓallin ba sam, domin chow daga wanda ya riga ka wasa kawai ake karɓarsa. In kai da wani kuka nemi ƙwaya ɗaya, mai pung ya fi mai chow, mai kammala hannu kuma ya fi kowa. Dokoki ne da in a takarda ka karanta su sai su yi ta zillewa, amma ganin su suna aiki zagaye bayan zagaye yana zaunar da su a kai ba tare da hadda ba. Tana kuma faɗin sunan ƙwayar da aka yar da murya, abin da ke taimakawa sosai, musamman da yake gora ta ɗaya ba a zana ta kamar gora, tsuntsu ake zanawa, kuma lambobin dangin rubutu da Sinanci suke. Akwai zanen ƙwayoyi iri-iri a saiti, shawarata sabon shiga ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙin ganewa tun daga farko.

Amma abin da ya sa na riƙe Kajongg shi ne lissafi. Tsarin gargajiya take bi, irin wanda ya fita daga Sin ya game Amurka da Turai a shekarun 1920, lokacin da wani Ba'amurke, Joseph Babcock, ya shiga tallata wasan. Ta zo da tsari biyu a shirye, na ƙungiyar 'yan wasan Jamus da na ta Birtaniya, kuma kana iya kwafar ɗaya ka gyara dokokinsa yadda teburinku ya saba. A wannan lissafin kowane irin rukuni da darajarsa. Pung na lambobi 2 zuwa 8 da ka karɓa daga hannun wani ka baje a fili maki 2 ne, in kuwa da kanka ka haɗa shi yana ɓoye, 4. Na iska, ko dodo, ko 1, ko 9, ninkin haka ne. Chow ba shi da ko maki ɗaya. Ga misali: ka kammala hannu, 20, kana da pung na jan dodo a ɓoye, 8, pung na gora biyar a fili, 2, fure ɗaya, 4. Ya zama 34, sai dodon ya ninka shi ya koma 68. Mutum biyu kowa ya biya ka 68, wanda ke zaune a gabas kuwa (kowace kujera sunan iska ɗaya gare ta) 136, don shi gabas ninki yake biya, ninki yake karɓa. Akwai taga ta musamman da ke warware wannan layi bayan layi, ka ga daga ina kowane maki ya fito.

Wani abin da nake matuƙar so a tsarin gargajiya shi ne waɗanda ba su ci ba su ma ana ƙirga hannunsu, su biya juna bambancin da ke tsakaninsu. Wannan yana sauya tunanin ɗan wasa gaba ɗaya. Ko ka ga ba za ka riga kowa kammalawa ba, pung na iskarka ko na dodo bai tafi a banza ba, yana iya rage maka asara ko ma ya jawo maka riba daga sauran biyun. Akwai kuma dokar wasa mai haɗari: in wani ya baje rukuni uku na gora zalla, kai kuma ka yar masa da gora ya ci da ita alhali kana da wata da za ka iya yarwa, kai kaɗai za ka biya na kowa. Tun da na san wannan nake kallon gaban abokan wasa fiye da hannuna, kuma a ganina daɗin wasan a nan yake.

Na san wasu za su yi tambaya kan caca, tunda a Sin da yawa kan kuɗi ake buga shi, har hukumar wasannin ƙasar ta fitar da dokokin gasa a 1998 don raba shi da wannan suna. A Kajongg maki ne kawai a allo, babu sisin kwabo a ciki.

Tana da iyakarta. Manhajar Linux ce ta kwamfuta, ba ta waya ba. Tsarin gargajiya kaɗai ta sani, don haka mai neman riichi na Japan, ko dokokin gasa na 1998 masu salo 81, sai ya nemi wata. Ba ta ɗaukar sabon shiga daki-daki, sai ka karanta littafin jagorarta, ko ka kunna yanayin da kwamfuta ke buga hannunka kana kallo. Ni da wannan na biyun nake ba da shawara a fara. Kujeru ukun da suka rage 'yan wasan kwamfuta ne ke cikewa, ba ka buƙatar intanet, sai in kana son haɗuwa da mutane a teburi ɗaya ta hanyar sadarwa.

Ga masu ƙwayoyin gaske a gida kuma, akwai ɓangaren da aikinsa lissafi kawai: ku yi wasanku a tabarma ko teburi, in an gama zagaye a shigar da hannun kowa, ita ta fitar da wa zai biya wa, da nawa, ta kuma riƙe juyawar iskoki har ƙarshen wasa.