An kira ni lekol ɗin 'yata a Amurka

Jama'ar Garwa ina gaisuwa, ya zafi? Mu nan Kolombos ta jihar Ohayo sanyi ne ke cin ƙashinmu.

Ina wurin aiki a sito waya ta shigo wai daga lekol ɗin 'yata, gabana ya faɗi, don kun san a gida Kamaru in direkta ya aika a kira uba to ko kuɗin APE ne, wato na ƙungiyar iyayen yara, ko an koro yaro. Ashe wani yaro ne ya fizge mata hijabi a cikin motar makaranta, mai ruwan ɗorawar nan da ke ɗaukarsu kyauta. Na tafi da shirin faɗa da ɗan guntun Turancina, sai ga direktiris da kanta ta tarbe ni a ƙofa, ta bani kujera, ta buga waya aka haɗa mu da tafinta mai jin Faransanci ban biya ko sisi ba, wai doka ce ta ɗora musu. Mace da muƙaminta tana bani haƙuri, ni mai ɗaukar kwali! Ta rubuta komai, ta bani takardar in riƙe, ta ce in ban gamsu ba ga ofishin da zan kai ƙararta ita kanta. Wallahi rasa inda zan sa fushin da na zo da shi nayi.

Sati na zagayowa malamarsu ta karanta musu labarin Ruby Bridges, baƙar yarinya 'yar shekara 6 wadda a 1960 sai da jami'an gwamnatin tarayya suka raka ta makarantar farar fata a New Orleans, iyaye suka kwashe 'ya'yansu, malama ɗaya tak ta yarda ta koyar da ita. 'Yan aji uku fa ake faɗa wa wannan, abin kunyar ƙasarsu, ba ɓoye-ɓoye. Ga Rosa Parks da ta ƙi ba Bature kujerarta a bas a 1955, ga Martin Luther King da ake hutu dominsa Litinin ta uku a watan Janairu.

Da dare yarinya ta ce, Baba mu a Kamaru wa ya yi irin wannan? To me aka koya mana mu? Taken ƙasa, launin tuta, sunayen manyan garuruwa, sai bulala. Jagororin gwagwarmayar 'yancin ƙasarmu irin su Um Nyobe da sojan Faransa suka kashe a daji a 1958, Moumié da aka sa wa guba a Janeba a 1960, Ouandié da aka harbe a Bafusam a 1971, ni dai a bakin manya na ji su, ba a aji ba. Ahijo ma, shugaban ƙasarmu na farko kuma ɗan garinmu, tun 1989 kabarinsa na Dakar. Dokar ilimi ta 1998 ta hana dukan yara amma mu iyaye ne ke kai yaro mu ce malam naka nama namu ƙashi, shi yasa ya girma jandarma ya riƙe masa katin shaida a hanyar Gaundare sai dai ya sa hannu aljihu.

Kar ku ɗauka aljanna ce nan. Kaso mai yawa na kuɗin makaranta daga harajin gidajen unguwa yake fitowa, unguwar masu hali lekol ɗinsu kamar otal, tamu kuwa sai a hankali, suna koyar da daidaito a kan allo alhali haya ta riga ta raba yaran. Kuma yanzu ko wanke-wanke aka sa yarinyar nan sai ta tambayi dalili, gaisuwa ma a tsaye take yinta, in na tuna yadda 'ya'yan Yaya ke durƙusawa sai raina ya sosu.

Duk mai zuwa nan kusa don Allah ya riƙo min littafin ECM, wato darasin tarbiyyar ɗan ƙasa, na CM2, ajin ƙarshe na firamare, ina so in ga ko an ƙara wani abu. Kilishi kam kar ku wahala, kwastan ɗin nan ƙwacewa suke.