Damina ɗaya da Polaris Ranger 570 a gonar masara

Polaris Ranger 570 ƙaramar motar shiga gona ce mai bodi a baya. Ta hannu na saye ta, don jigilar taki da amfanin gona a wajen Saminaka, inda hanyar gona kan gagari a-kori-kura da zarar ruwa ya zauna. Wajen ratsa laka kam ba ni da abin cewa. In ka sa tayoyinta huɗu duk suna ja, sai ta wuce inda babur ke nutsewa.

Amma duk mai son sayenta ya fara duba lambobin da ke jikinta. Bodin baya kilo 227 aka yanka masa, wato buhun taki huɗu ko na masara biyu. Abin da za ta ja a tirela kuwa kilo 680 ne, har da nauyin tirelar kanta. Ni da nake ganin inji ne mai ƙarfi, ranar da muka gama casa na loda buhu takwas a tirela, na ce ai tafiya ɗaya ta fi biyu. Ta ja su kuwa, ba gardama. Sai da muka zo gangaren rafi na taka birki, na ji kaya na turo ni daga baya, gindin motar na neman juyawa. Tirelata ba ta da birkin kanta. Ƙanena da ke gefe ya riƙe ƙarfe yana cewa, "Yaya, a hankali, don Allah!" Allah Ya kiyaye, muka tsaya dab da bakin kwalbati, gwiwoyina na rawa. Laifina ne, ba nata ba.

Wani darasin kuma a aljihu na biya shi. Da bel take tafiya, kuma jan kaya a babbar giya na cinye shi. Warin roba na fara ji, kafin mako ya zagayo na nemi sabo, shi ma sai da aka aiko mini daga Legas. Yanzu in da tirela, ƙaramar giya nake sawa, ba na wuce gudun kilomita 16 a awa, kuma nakan sa buhunan gaba da tayoyin tirela kaɗan, in ɗaure tamau da igiya.

Yara kan roƙa in ɗauke su a bodi. Ba na yarda, kujera biyu ce da ita. Mai kuwa tana sha, ba kaɗan ba, shi ya sa da rani nake ajiye ta in koma kan babur.